Kafin Ka Sa Hannu: Jagora Ga Sabon Akanta a Baitulmalin Gwamnati

Kowace shekara ana turo sababbin ma'aikata sashen kuɗi, wasu da digiri, wasu da babbar difloma, wasu har sun fara jarrabawar ICAN ko ANAN. Lissafi ba ya ba su wahala, kwamfuta ma sun fi mu iyawa. Abin da ke kayar da su takardar tuhuma ce daga ofishin odita, a kan wata bauca da suka sa wa hannu dab da tashi aiki, oga na tsaye a kansu yana duba agogo. Da yawansu ko sisin kwabo ba su ci ba. Kunya ce ta ja su, ko gaggawa, ko yarda da fuskar da suka saba gani kullum. Odita da zai zo bayan shekaru bai ga agogon ba, bai ga fuskar oga ba. Sunan da ke ƙasan takarda kawai zai gani.

Kurakuran iri ɗaya ne, kowane rukuni kuma sai ya maimaita su, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ana yawan yi wa sabon ma'aikaci wa'azin riƙon amana, wa'azin kuwa gaskiya ne, amma ba a nuna masa yadda ake riƙon a aikace. Mai tsoron Allah da bai san ƙa'ida ba shi ɓarayin ofis suka fi so, domin sa hannunsa yana da daraja kuma ba ya tambaya. Tsarin Najeriya na bi a nan, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Sunayen takardu kan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma hanyar da kuɗi ke bi ɗaya ce.

Kayan aiki

Waɗannan ka mallaki naka na kanka, kada ka dogara da aro:

- Kundin Dokokin Kuɗi. Bugun 2009 na tarayya shi yawancinmu muka tashi da shi, sai ka haɗa da sakulolin Akanta Janar da suka biyo baya. Jihohi suna da nasu, ƙananan hukumomi kuma suna da kundin da a ofis ake ce wa FM. Fara da babin biyan kuɗi da na adibas da na asara.
- Kasafin kuɗin bana wanda majalisa ta amince da shi aka sa masa hannu. Daftarin da ma'aikatarku ta aika ba shi ne kasafi ba, sau da yawa an yanke shi a hanya.
- Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ko ta jiharku, da sakula ta ƙarshe da ta fayyace iyakar kuɗin da kowane jami'i ko kwamiti zai iya amincewa da shi. Iyakar tana canzawa, kada ka yi aiki da abin da ka ji a baki.
- Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999, wato ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. 'Yan shafuka ne.
- Botbuk, wato littafin da ke nuna abin da aka kashe da abin da ya rage a kowane layin kasafi, da littafin shigar kuɗi da fitarsu, da rajistar bauca.
- Samfurin sa hannun duk wanda ke da ikon amincewa da kashe kuɗi a ma'aikatar.
- Littafi ɗinkakke mai lambar shafi, wanda za ka riƙa rubuta kwanan wata, da wanda ya kira ka, da abin da ya ce. Wannan ba ya cikin kowace doka, amma zai yi maka rana.

Mataki na 1: Karɓi ofis da ƙirge

Wanda za ka gada yana sauri, an yi masa canjin wurin aiki, ga shi dattijo ne da ya haife ka. Zai miƙo maka makullin sef da takardar miƙa aiki ya ce, "Sa hannu kawai, yaro, komai daidai yake." Ka ce masa, "To Baba, mu ɗan ƙirga tare don a fita haƙƙi." Ku buɗe sef gaban shaida daga sashen odita na cikin gida, ku ƙirga tsabar kuɗi, ku gwada da abin da littafi ya nuna. Ku bi littattafan rasit lamba bayan lamba, waɗanda aka yi aiki da su da waɗanda ba a taɓa ba, domin littafi guda da ya ɓace ya isa a karɓi harajin kasuwa na watanni da shi, ko kwabo bai shiga asusu ba. Ka nemi jerin adibas da ba a kawo bayaninsu ba, da basussukan 'yan kwangila, da tuhumomin odita da ba a amsa ba, da takardar daidaita asusu da banki ta watan da ya wuce.

Daga ranar da ka sa hannu, duk giɓin da ke cikin sef ya zama naka. In ka tarar da bambanci, rubuta shi a jikin takardar, ku sa hannu ku biyu. Tsohon hannu na gari ba zai ji haushi ba, ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ranar kuma ka sa a canza lambar sef da duk wata kalmar sirri.

Cikin makon ka cike fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Tsarin mulki ya wajabta shi da zarar an kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar barin aiki, har da dukiyar 'ya'yanka da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba. Sababbi kan cike shi da wasa, su manta gonar gado ko filin da mahaifi ya ba su. Ranar da aka tambaye ka ina ka sami filin, fom ɗin nan ne zai shaide ka cewa kana da shi tun kafin ka ga ƙofar baitulmali.

Mataki na 2: Akwai abin a kasafi?

Sashe na 80 na tsarin mulki ya hana fitar da kuɗi daga asusun tarayya sai da izinin doka, sashe na 120 ya faɗi haka ga jihohi. Don haka ganin kuɗi a banki ba izini ba ne. Kafin komai ka duba: an tanadi abin a kasafi? An saki waranti ko AIE, wato takardar izinin kashe kuɗi, a kansa? Nawa ya rage a layinsa cikin botbuk?

Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkirta shigar da abu a botbuk sai an biya. Tun ranar da aka ba da LPO, wato takardar odar kaya, ko aka sa hannu a kwangila ake shigar da shi, domin daga ranar gwamnati ta ɗauki alkawari. In ba haka ba, layi ɗaya za a kashe shi sau biyu, ƙarshen shekara ka ga 'yan kwangila sun yi layi a ƙofarka da takardu na halas, babu abin biyansu. Ka kuma kiyayi maganar nan, "Mu ara daga kuɗin gyaran asibiti mu biya alawus, in an saki kuɗi mu mayar." Ba a mayarwa. Juya kuɗi daga wani layi zuwa wani yana da ƙa'idarsa, kuma izininsa a rubuce yake zuwa.

Mataki na 3: Karanta bauca daga baya

Shafin farko na bauca kullum tsaf yake, don shi aka shirya domin idonka. Juya ta, ka fara daga takardun da aka liƙa a baya, ka biyo su bisa kwanan wata: buƙatar sashen da ke son kayan, amincewar mai iko, takardun farashi ko na takara, LPO ko yarjejeniyar kwangila, takardar shigar kaya sito ko shaidar kammala aiki, sannan takardar neman biya. Labarin dole ya tafi a jere. In takardar sito ta nuna an karɓi kaya ranar 3 ga wata, LPO kuma tana ɗauke da 10 ga wata, to an sayi kayan kafin a nemi izini, ko kuma ba a saya ba sam, daga baya aka zauna aka haɗa takardu.

Ka jera takardun farashin kamfanoni ukun gefe da gefe a kan tebur. Sau da yawa za ka ga sunaye uku, adireshi uku, amma rubutun hannu ɗaya, biro ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a kalma ɗaya, wani lokaci ma lambar waya ɗaya a ƙasan biyu daga ciki. Ka shafa yatsa a kan adadin kuɗi ko za ka ji tudun farin ruwan gogewa. Ka gwada adadin da aka rubuta da harafi da wanda aka rubuta da lamba. Ka tabbata sunan da ke kan asusun banki shi ne sunan kamfanin da aka ba aikin. In aka ce a biya ta asusun wani mutum daban "don sauƙi", ajiye baucar. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta koma biya ta banki kai tsaye, kuma amfanin tsarin ke nan, a san hannun da kuɗi ya shiga.

Akwai wata dabara da sabon shiga ba ya ganewa saboda bauca ɗai-ɗai yake dubawa. Gyaran ajujuwa shida na makaranta guda sai a raba shi bauca shida, kowace ta tsaya ƙasa kaɗan da iyakar ikon darakta, don kada aikin ya je gaban kwamitin kwangila. Kowace bauca ita kaɗai lafiyarta ƙalau. Rajistar bauca ce za ta tona, in kana duba ta mako-mako. Sashe na 58 na dokar 2007 ya lissafa tsattsaga kwangila cikin laifuffuka, hukuncin ma'aikaci kuwa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, ga kora daga aiki.

Shaidar kammala aiki ta injiniya ce, ba taka ba, amma babu dokar da ta hana ka leƙa sito ka ga katan ɗin magani da idonka, ko ka bi ta ƙauyen da aka ce an haƙa rijiyar burtsatse. Ko sau ɗaya a wata ka yi haka, labari zai zaga, takardun da ke zuwa teburinka za su canza.

Cire harajin da ya kamata, har da VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ka aika wa hukumar harajin da ta dace a kan lokaci. Abin da aka cire daga albashi ma haka. Dokar Fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10 aƙalla, a aika cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Kuɗin da ka cire ba na ma'aikatarku ba ne ko na kwana ɗaya, na mutum ne da zai zo yana dogara sanda nan da shekara ashirin. Bayan an biya, buga hatimin "an biya" a kan kowane shafi, kada rasit ɗin ya sake dawowa cikin wata bauca.

Ga wani gargaɗi ta ɗaya ɓangaren. Kada bincike ya zama hanyar danne fayil. Akantan da ke riƙe bauca mai kyau mako uku ba dalili shi ke koya wa ɗan kwangila kawo na goro. Bi fayil bisa jerin zuwansu, in da matsala ka rubuta ta ka mayar a ranar. Dokar 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri da ke jawo wa gwamnati kuɗin ruwa.

Mataki na 4: Kada hannu ɗaya ya riƙe farko da ƙarshe

Mai shirya bauca daban, mai dubawa daban, mai amincewa daban, mai biya daban. Mai karɓar kuɗi kada ya zama shi ke daidaita asusu da banki. Mai shigar da suna cikin jerin albashi kada ya zama shi ke amincewa da jerin. An kawo tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 da na sarrafa kuɗin gwamnati na GIFMIS a 2012 don toshe irin waɗannan kafofi, amma na'ura ba ta ganin fuska, kalmar sirri kawai ta sani. Ranar da ka ba yaron ofis taka don ka tafi ɗaurin aure, duk abin da ya shigar kai ka shigar. Haka in oga ya miƙo maka tasa ya ce, "Ƙarasa mini, ina da taro," ka ba shi haƙuri ka kai masa kwamfutar har ofis.

Wannan ƙa'ida ba ta ware kowa, komai sunansa na kirki. Abdulrasheed Maina an ɗora shi ne don ya gyara harkar fansho, aka sakar masa ragama saboda an yarda da shi. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 8 kan halatta kuɗin haram sama da naira biliyan 2.

In kai ne shugaban sashe, nauyin ya ƙaru. Tilasta wa kowa tafiya hutunsa na shekara. Kashiyan da ya yi shekaru yana cewa aiki ya yi masa yawa ba zai iya tafiya ba, a duba littafinsa. Riƙa juya mutane tsakanin tebura. Abu mafi muhimmanci, in ƙaramin ma'aikaci ya dawo maka da baucar da kai ka amince da ita saboda ya ga kuskure, gode masa a gaban jama'a. In ka tsawata masa sau ɗaya, ba zai ƙara ganin komai ba har ka bar ofishin.

Mataki na 5: Tsabar kuɗi, adibas da impires

Kuɗin da aka karɓa yau ya kwana a banki, in ya gagara gobe da safe. Kada ka ba kowa rance daga sef a kan 'yar takardar "zan biya ƙarshen wata", ko da kai ne. Kada a ba mutum sabon adibas bai kawo bayanin na baya ba, kuma adibas ba hanyar sayen abin da ya kamata a ba da kwangilarsa ba ne. Impires, wato kuɗin ƙananan hidimomin ofis, dole a rufe shi kafin shekara ta ƙare.

Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015, kuɗin shiga na tarayya suka koma bi ta Remita, kuma buɗe wani asusu a gefe ba da izinin Akanta Janar ba laifi ne. Duk inda tsabar kuɗi ta daɗe a hannu, sai an ji labari. Kowa ya tuna 2018, lokacin da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi. Mutane sun yi ta dariyar macijin. Akanta kuwa abin da ya kamata ya tambaya shi ne, ina mai dubawa yake har kuɗi suka taru haka a ofis?

Mataki na 6: In umarni ya zo daga sama

Nan ne wuyar aikin take. Ciyaman ko babban sakatare zai kira ka ya ce, "Ma'aji, a fitar da kuɗin nan yau, daga sama ne, takardu za su biyo baya." Sababbi kan faɗa ɗaya cikin ramuka biyu. Wani ya biya don tsoro. Wani ya miƙe ya yi wa oga lacca a gaban baƙi, a wayi gari an tura shi wani lungu, a kawo wanda zai biya. Dukansu kuɗin ya fita.

Fara da ɗauka cewa buƙatar na iya zama ta gaskiya. Ambaliya takan zo, kwalara takan ɓarke, kuma doka tana da hanyar gaggawa. Ka shiga wurinsa shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina son abin nan ya fita yau, amma yadda yake, sunanka ne zai fara fitowa a rahoton odita. Ga hanyar da za mu bi ya fita lafiya." Ka zo da hanyar a hannu: layin da ya dace a kasafi, takardar da ta rage, wanda zai sa hannu, awa nawa zai ɗauka. Shugabanni da yawa ba ɓarna suke nufi ba, matsa musu aka yi, kuma wanda ya nuna musu mafita ta halas ya fi musu amfani da mai cewa "to" kawai.

In ya nace, ka ce, "Yallaɓai, a taimaka a sa mini a rubuce." Ka rubuta minit a fayil, gajere, ba zafi ba zargi: abin da aka umarta, ƙa'idar da ya saɓa wa da lambarta, da shawararka. Ka ba odita na cikin gida kwafi. Umarni da yawa a nan suke mutuwa, domin mai cewa "daga sama ne" ba kasafai yake son ganin sunansa a ƙasan maganar ba. A ƙananan hukumomi akwai kwamitin ƙararrawar odita a matakin jiha, wanda aka kafa don irin wannan rana. Ka san yadda ake kai masa magana tun kafin ka buƙata.

Sai dai ka fahimci iyakar rubutaccen umarni. Yana kare ka a inda aka tsallake wata ƙa'ida ta aiki kuma mai iko ya ɗauki alhaki. Ba ya wanke ka in abin sata ne a fili, kamar biyan aikin da ka san ba a yi ba. A nan babu minit da za ta cece ka a gaban EFCC, sai ƙin sa hannu. Zai iya jawo maka canjin wurin aiki, ba zan ɓoye maka ba, kuma mai iyali ya san nauyin hakan. Amma daga canjin wurin aiki ana dawowa.

Ma'ajin ƙaramar hukuma ya ƙara shiri. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar ta zo da jan ƙafa, amma duk inda kuɗin ya sauka kai tsaye, uzurin "jiha ce ta riƙe" ya ƙare, ido kuma zai dawo kan ciyaman da ma'ajinsa. Raba aljihun shugaba da kuɗin jama'a ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Don shi aka kafa baitulmalin En'e a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka yaɗa shi sauran masarautu daga 1911.

Mataki na 7: Goro da dangi

Ba wanda zai ce maka ga cin hanci. Za a ce na goro ne, ko na mai, ko "a saya wa yara alewa". Zai zo a ambulan bayan an riga an biya, don ka ce wa kanka ai ba don shi ka yi ba. Zai zo buhun shinkafa da azumi, ko rago ana jibi Sallah, direba ya sauke a gida ba ka nan, uwargida ta riga ta yi godiya.

Jadawali na Biyar ya fayyace: kyauta daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati ana ɗaukarta ta saɓa wa doka sai in an tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarda da shi kyautar dangi da abokai ce, gwargwadon al'ada. Malamanmu sun riga doka. Shehu Usmanu ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soka a Kitabul Farƙ, kuma kowane ɗalibi ya san labarin Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo. Ma'aunin ke nan, kuma yana aiki ga kowa, Musulmi da Kirista: bara, kafin ka hau kujerar, mai kyautar ya aiko maka da rago?

Mayar da kaya yana da ladabi. Aika da shi a ranar, da gaisuwa, ka ce, "A gaya wa Alhaji na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, amma aikinmu ya hana." Ka rubuta a littafinka. Ka sanar da iyalinka tun wuri kada a karɓi saƙo daga wanda ba a sani ba. Na farko ne mai wuya. In ka mayar da biyu, na uku ba zai zo ba.

Matsin dangi ya fi na ɗan kwangila nauyi. Kawu zai zo da takardun kamfaninsa ya ce, "Ɗana, yanzu da Allah ya kai ka wurin, sai a tuna da mu." Gaya masa gaskiya tun zaman farko, cewa fayil ɗinsa in ya zo ba za ka taɓa ba, wani za ka miƙa wa, kuma ka sanar da shugabanka a rubuce cewa ɗan'uwanka ne. Taimake shi daga albashinka gwargwadon hali. Kai ma kada ka buɗe kamfani da sunan matarka ko ƙanenka. Ma'aikaci na cikakken lokaci noma kawai tsarin mulki ya yarje masa. Ka kuma lura da rayuwarka, domin bashi ne ƙofar da aka fi shigowa ta ita. Wanda ya ɗora wa kansa hidimar da ta fi albashinsa ya riga ya sa wa sa hannunsa farashi, saura mai saye.

Mataki na 8: Ƙarshen wata da zuwan odita

Daidaita littafi da bayanan banki kowane wata, kada ka tara. Bambancin wata ɗaya yini guda ake gano shi, na wata takwas kuwa sai an kafa kwamiti. Duk abin da ya fito a banki babu shi a littafi, bi shi har ka ga tushensa, komai ƙanƙantarsa, don masu gwada ƙofa da ƙaramin adadi suke farawa.

Odita ba abokin gaba ba ne, kuma ba baƙon da ake sallama da ambulan ba ne. Ba shi abin da ya nema, amsa tuhumarsa a rubuce cikin wa'adi, da lambar bauca da kwafin shaida. In kuskure ne ka ce kuskure ne, ga gyaran da aka yi. Kada ka taɓa ƙirƙirar takarda da tsohon kwanan wata don cike giɓi. In ka yi haka, ka mayar da kuskuren aiki laifin jabu. Tuhumar da aka yi banza da ita ba ta mutuwa. Sashe na 85 ya ba Odita Janar na Tarayya kwana 90 daga karɓar bayanan Akanta Janar ya miƙa rahoto ga majalisa, sashe na 125 ya yi wa jihohi irin wannan tanadi, daga nan sai kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a ya kira ka, wataƙila kana wata ma'aikatar, ko ka yi ritaya.

Mataki na 9: In ka ga ɓarna

Tabbatar tukuna. Abin da ya yi kama da sata wani lokaci shigarwa ce aka yi a layin da ba nata ba, kuma sunan mutum in ya ɓaci ba ya gyaruwa da ban haƙuri. Rubuta abin da ka gani da idonka kawai: lambar bauca, kwanan wata, adadi, asusun da kuɗi ya shiga. Kada ka yi zancen a majalisar unguwa ko a WhatsApp na ofis, kada kuma ka kwashe asalin fayil zuwa gida, don wannan kansa laifi ne da za a juya maka.

Fara da hanyar cikin gida, wato shugaban sashe, odita na cikin gida, ko sashen ACTU da ICPC ta kafa a ma'aikatun tarayya. In wanda za ka kai wa shi ne mai abin, tsallake zuwa ofishin Odita Janar, ko ICPC, ko EFCC. In kai aka yi wa tayin toshiyar baki, sashe na 23 na dokar ICPC ta 2000 ya wajabta maka kai rahoto, shirunka ma laifi ne. Akwai kuma shirin kwarmata bayanai da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ɓullo da shi a Disamban 2016, mai ladar kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Kada ladar ta ruɗe ka, kada kuma ka ɗauka kariyar da aka yi alkawari za ta zo da kanta. Kafin ka miƙa komai, ka ga lauya ko wani babba a ƙungiyarku ta akantoci, ka tabbata littattafanka na kanka sun daidaita har zuwa jiya, domin teburinka ne za a fara bincikewa. Duk takardar da ka miƙa, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka.